Dorothy Hodgkin, matar da ta yi shekara 35 tana neman siffar insulin

Duk wanda ke da mai ciwon sukari a gida ya san allurar insulin. Amma ba kowa ya san sunan matar da ta gano yadda ƙirar wannan magani take ba. Baturiyar Ingila ce, sunanta Dorothy Hodgkin, kuma an haife ta a Alƙahira ta ƙasar Masar ranar 12 ga watan Mayu 1910. Ubanta John Crowfoot ma'aikacin ilimi ne, daga baya aka mai da shi Sudan inda ya riƙe sha'anin makarantu. Ita ko a Ingila aka bar ta tana karatu, sai dai takan kai ziyara Kartum, kuma can ne wani abokin ubanta mai binciken ƙasar noma ya ba ta kayan gwada duwatsu. Tun tana yarinya ba abin da ke burge ta kamar ƴan ƙwayoyi masu ƙyalli irin na gishiri da alif.

A 1928 ta shiga jami'ar Oksfod, a 1932 ta wuce Kambirij wurin wani malami mai suna Bernal. Aikin da ta koya ga shi: a samu magani a daskarar da shi ya zama ƙwaya kamar ta sukari, a haska shi da irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi a likita, wanda muke ce ma radiyo. Abin da ke fitowa bisa takardar hoto ba siffar maganin ba ce, ɗige-ɗige ne kawai. Daga waɗannan ɗige-ɗige sai an yi lissafi na watanni, wani lokaci na shekaru, kafin a san inda kowane ɗan guntu yake zaune. Kuma lokacin babu kwamfuta, da hannu ake yi.

A 1934 aka miƙa mata ƴan ƙwayoyin insulin. An riga an gano maganin tun 1921 a birnin Toronto na Kanada, yana ceton mutane, amma ba wanda ya san kamanninsa. Insulin wani irin furotin ne, dangin abin gina jiki da ke cikin wake da nama da ƙwai, kuma jikin mutum ne ke yin shi don ya buɗe ma sukari hanya daga jini zuwa tsoka. Shi ya sa ba a haɗiye shi kamar kini: in ya shiga ciki, narkewa zai yi kamar nama. Shi ya sa kuma zafi ke ɓata shi, don haka mai ajiye shi a rumfar kasuwa cikin ranar bazara asarar kuɗinta take yi. Dorothy ta ɗauki hotonsa na farko a 1935, amma lissafin ya fi ƙarfin kayan aikin zamanin.

Ba ta zauna jira ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta juya kan penisilin, a 1945 ta fito da siffarsa, alhali wasu manyan masana na musun cewa haka take. Bayan shekara 10 ta warware ta bitamin B12, wanda rashinsa ke kawo mugun ƙarancin jini. Duk wannan da hannuwa marasa lafiya ta yi shi, don ciwon sanyin gaɓoɓi ya kama ta tun tana da shekara 20 da ƴan kai, har yatsunta suka karkace. Ku duba ko: ƙwayar da take ɗauka ba ta kai ƙwayar gero ba. Ga kuma ɗiya 3 da take reno.

Mijinta Thomas Hodgkin, wanda ta aura a 1937, masanin tarihin Afirka ne, ya yi rubutu kan Najeriya, kuma ya shugabanci cibiyar nazarin Afirka a jami'ar Gana zamanin Kwame Nkrumah. Tana can Gana a 1964 labari ya iske ta cewa an ba ta kyautar Nobel ta ilimin kimiyyar haɗa magunguna, ita kaɗai ba tare da kowa ba. Wata jaridar Ingila ta ba da labarin kamar wata matar gida ce ta yi sa'a. Abin haushi, matar da Margaret Thatcher ma ta yi karatu a hannunta.

Duk da kyautar, insulin na nan cikin ranta. Wani ɗan ƙasarsu, Frederick Sanger, ya riga ya nuna a 1955 cewa guntaye 51 ne aka jera cikin zare biyu, kamar duwatsun wuya. Abin da ya rage shi ne yadda zaren ya naɗe, don naɗin ne ke sa ya yi aiki, kamar yadda haƙoran makulli ke sa ya buɗe ƙofa. Sai a 1969, da ita da matasan da ke aiki tare da ita, suka ga abin sarai: insulin na haɗuwa shida-shida a dunƙule, da sinadarin zinki a tsakiya.

Wannan dunƙulen shi ne dalilin da ya sa allura ke jinkiri, sai ya warwatse ƙarƙashin fata kafin ya shiga jini. Da aka gane haka, masu haɗa magani suka sake ma wasu guntaye wuri, aka samu insulin mai saurin aiki da ake yi dab da cin abinci, wanda na farkonsa ya shiga kasuwa a 1996. Wanda ita ta yi bincike a kai daga jikin dabba aka ciro shi. Tun daga 1982 ne aka fara sayar da irin na mutum, wanda ƙananan halittu ke yi cikin masana'anta, kuma shi ya fi yawa a farmasi yanzu.

Daga 1976 zuwa 1988 ta shugabanci Pugwash, ƙungiyar masana masu adawa da makaman ƙare dangi. Ko da ciwo ya sa ta cikin keken guragu ba ta bar zuwa taron masana ba, har ƙasar Sin ta tafi a 1993. Ta rasu a gidanta a Ingila ranar 29 ga watan Yuli 1994, tana da shekara 84.