Nana Asma'u Ɗiyar Shehu da Zumuncin Ƴan Taru

 Ya ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wata baiwar Allah, malama, wadda ta rayu shekara saba'in da ɗoriya tana karantar da mata, ita ce Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan su baki ɗaya.

Gidan da ta fito ba baƙo ba ne gare mu. An haifi mahaifinta a shekarar 1754 a Maratta, kusa da Galmi cikin jihar Tawa ta yau, kuma ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas wajen neman ilmi. Ita kuwa an haife ta a Ɗagel a shekarar 1793, ita da ɗan'uwan tagwaicinta Hasan, mahaifiyarsu ana kiranta Maimuna. Gida ne da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi, domin Shehu ya sha zargin malaman zamaninsa waɗanda ke karantar da almajirai a zaure alhali sun bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci, kuma ya rubuta hakan a littafinsa Nurul Albab. A nan Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta naƙalci Larabci da Fillanci da Hausa har tana tsara waƙe da su, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da ƙaura da mutuwar dangi a shekarun yaƙi. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Shehu ya rasu a 1817, aka bar wa ƴaƴansa ƙasa mai faɗi, cike da gwagware da marayu da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu. Da yawa daga cikin matan nan ba su san farillan alwala ba, kuma idan ciwo ko baƙin ciki ya same su, wurin ƴan bori suke zuwa, saboda can ne suke samun mai sauraron kukansu.

Asma'u ta fahimci cewa wa'azi daga nesa ba zai isa ga matan nan ba, kuma ita kaɗai ba za ta iya zagaye ƙauyuka ba. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa, ta karantar da su, ta naɗa kowace jagorar matan garinsu. Ana kiran irin wannan jagora jaji, sunan da ake ba mai jan ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da aka ɗaura wa jan ƙyalle. Mutanen Gobir sun san malfa a kan Inna, wadda ke shugabantar mata da al'amuran bori a fadar sarki, sarautar da mutanen Tsibiri suka sani, kamar yadda na Maraɗi suka san ta Iya. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan mai ilmi, don su gane cewa wannan ma shugaba ce da za a kai wa kuka.

Jaji takan taho da ayarin tsofaffi da ƴan mata ƙanana, domin matan da ke tsakiyar aure da goyo suna gida. Sukan zo a ƙafa, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu da sawaye, Asma'u ta karɓa ta raba wa mabukata. Sai ta zauna da su, ta ji matsalolinsu, ta koya masu waƙoƙin da ta tsara don a haddace, irin su waƙar sunayen surorin Alƙur'ani, da Godaben Gaskiya, da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta wadda ta mayar Hausa. Idan sun koma, su karantar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Wannan jama'a ita ake kira Ƴan Taru.

Abin da muke so ku lura da shi, ya ƴan'uwa, shi ne yadda ta riƙe matan nan. Wanda ya duba marsiyoyin da ta tsara zai tarar ta yi wa manya, kamar Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837 da mijinta Giɗaɗo, amma kuma ta yi wa matan da ba don ita ba da tarihi ya manta da su. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, inda ta tuna yadda take kan hanya da rani da damina da hunturu tana kawo mata ɗalibai. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mai naƙuda da wankan gawa duk lokacin da aka kira ta. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima saboda kirkinta. Ta yi wa ƴar'uwarta Faɗima mai ciyar da baƙi. Ta yi wa aminiyarta A'ishatu matar Bello, mai kula da marayu da gwagware da sulhunta mutane, kuma a marsiyar ba ta ɓoye irin kaɗaicin da rasuwarta ta bar mata ba. Ɗiyar Shehu ce, matar waziri, ƙanwar sarki, amma ta san sunan ungozoma da maƙwabciya, ta roƙa masu gafara a rubuce.

Ta kuma haɗa su da magabata. A waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta ɗauko daga wani littafin nasiha da Bello ya rubuta, ta jero matan Annabi da ɗiyansa da salihan bayi irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta ƙara da malamai mata na jama'ar Shehu. Da haka jaji mai tafiya a ƙafa daga ƙauye ta san cewa tana da iyaye a wannan hanya.

Asma'u ta rasu a shekarar 1864, aka rufe ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da ita ba, ƙanwarta Maryam ta ɗauke shi, bayanta wasu matan gidan suka ci gaba, jaji suna ta kawo ayari har bayan zuwan Nasara a 1903. Da a ce komai a hannunta kaɗai yake, da an rufe shi tare da ita.

To, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai muna da malamai mata masu riƙe da makarantun matan aure da na dare. Sau da yawa malama guda ce ke karantarwa, ita ke sulhu, ita ke zuwa gaisuwar mutuwa, ba mai tambayar ta gajiyarta, wani lokaci ma hassada ta shiga tsakaninta da takwararta ta wata unguwa, makarantu biyu su lalace. Muna kira ga malamai mata su riƙa ziyartar juna, babba ta ja ƙarama a jiki ta koya mata aiki tun tana da rai, a kuma yaba wa mai ƙoƙari a gaban idonta. Muna kira ga mazaje su tuna cewa Bello ya ba ƙanwarsa littafi ta yi aiki da shi, Giɗaɗo kuma ya buɗe ƙofar gidansa ga ayarin matan ƙauye. Mu bar matanmu su je karatu, mu bar malamarsu ta ziyarci ƴar'uwarta, mu taimaka da tabarma da fitila da allo.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da jajinta da dukkan malamanmu, ya haɗa zukatan matanmu a kan alheri, ya sa mu cika da imani. Amin.