Modibbo Adama: Malamin Da Ya Kafa Yola

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Jihar Adamawa, yawanci Jimeta yake fara sani: sakatariya da bankuna da babbar kasuwa, da unguwanni irin su Karewa inda ma'aikata da dama ke zaune. Sai ya kwana biyu yake gane cewa 'yan kilomita kaɗan daga nan akwai tsohon gari, wato Yola, inda fadar Lamiɗo take, kuma daga can ne komai ya faro. Sunan jihar, da sunan jami'ar tarayya da ke wajen gari, da sunan wani babban lardi a ƙasar Kamaru, duk na mutum ɗaya ne, Modibbo Adama ɗan Hassana. Shekara shida kacal ya zauna a garin da ya kafa kafin ya rasu a 1847. Ƙasar da ya mulka Turawa sun raba ta, amma garin yana nan.

An haifi Adama a wajajen 1786 a Wuro Cekke, cikin Fulanin da suka daɗe suna kiwo a kwarin Binuwai da Faro. Mahaifinsa, Hassana, malami ne kuma arɗon Ba'en, zuriyar da ba ta kai Wolarɓe ko Yillaga yawan jama'a da dukiya ba. A wancan zamani Fulanin yankin baƙi ne a ƙasar Bata da sauran ƙabilun da suka riga su zama, suna biyan sarakunan ƙasa kuɗin kiwo, ana zaman lafiya wani lokaci, wani lokaci kuma a yi faɗa a kan makiyaya da mashaya. Adama ya bar gida yana matashi ya tafi Borno neman ilimi, ya yi karatu a hannun Malam Kiyari, har ya kai matsayin da Fulani ke ce wa mutum modibbo, wato babban malami. Ya dawo ya tarar mahaifinsa ya rasu a wani rikici tsakanin Fulani da Bata.

A daidai lokacin ne labarin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya faro a 1804, ya iso kwarin Binuwai. Shugabannin Fulanin yankin suka tura wakilai wurin Shehu don su ji matsayinsu, Adama yana cikin tafiyar. A wajajen 1809 Shehu ya ba shi tuta, ya naɗa shi shugaban jihadi a Fombina, kalmar Fulatanci mai ma'anar kudu. Akwai arɗo-arɗon da suka fi shi shanu da dawaki da mayaƙa. Abin da ya fi su da shi ilimi ne, sai kuma ƙanƙantar zuriyarsa, wadda ta sa manyan zuriyoyi ba su ji tsoron zai danne su ba. Ko da yake sarautarsa Lamiɗo Fombina ce, sunan malanta ne ya bi shi har kabari, shi ya sa har yau Modibbo ake ce masa, 'ya'yansa kuwa Lamiɗo.

Mazauninsa na farko Gurin ne, a gaɓar kogin Faro, garin surukinsa Modibbo Hamman. Daga nan ya riƙa raba wa arɗo-arɗo tutoci, kowa ya fuskanci ɓangarensa. Shi da kansa ya jagoranci yaƙi da daular Mandara a arewa, har ya shiga Dulo, babban birninta, amma mayaƙansa suka shagala da kwasar ganima, mutanen Mandara suka juyo suka kore su. A 1823 kuwa Fulanin arewacin Fombina suka fatattaki rundunar haɗin gwiwa ta Mandara da Borno a Musfaya, yaƙin da Baturen Ingila Dixon Denham ya gani da idonsa, ya tsira da ƙyar. A kudu, mayaƙan Wolarɓe suka hau tsaunuka suka kafa Gaundare da Tibati da Banyo. A gabas Buba Njidda ya kafa Rai. Garwa da Marwa su ma suka zama manyan garuruwan Fombina. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, ƙananan masarautun da ke bin Yola sun kai kimanin 40, kuma Fombina ce mafi faɗin ƙasa a masarautun daular Sakkwato.

Faɗin ƙasar shi ya zama babbar matsalar Modibbo. Arɗon da ya ci ƙasa da takobinsa, yana zaune tafiyar makonni daga fadar shugabansa, ba ya ganin dalilin aika kaso ko amsa kira. Buba Njidda na Rai ya daɗe yana noƙewa. Hamman Sambo, wanda ya kafa Tibati, ya nemi tuta kai tsaye daga Sakkwato domin ya fita daga ƙarƙashin Modibbo baki ɗaya, ko da yake a ƙarshe Tibati ta ci gaba da zama cikin Fombina. Modibbo ba shi da rundunar da za ta tilasta wa kowa biyayya. Abin da yake riƙe da shi shi ne tutar Shehu, da amincewar Sakkwato cewa ta hannunsa kaɗai ake naɗi a kudu, da haƙurin sasanta manya masu ji da kansu. Ya yi biyayya ga shugabanni huɗu a jere: Shehu, da Muhammadu Bello daga 1817, da Abubakar Atiku daga 1837, da Aliyu Babba daga 1842. Biyayyarsa gare su ita ce hujjarsa a kan na ƙasa da shi.

Wannan matsala ce ta sa ya yi ta neman mazauni. Gurin garin surukinsa ne, kuma shugaban da ke zaune a inuwar wani ba ya iya tara kowa. A wajajen 1831 ya koma Ribadu, a 1839 ya matsa Joboliwo, sai a 1841 ya sauka a wani tudu kusa da fadamar Binuwai. Fulani na kiran irin wannan tudu yolde, daga nan aka samo sunan Yola. Wurin yana da ciyawa da ruwa ga dabbobi, fadama ta kare shi ta wani ɓangare, yana kuma kusa da kogin da ya ratsa tsakiyar ƙasar. Muhimmin abu shi ne, ba garin wata zuriya ba ne. Modibbo ya gina masallaci da fada, ya zaunar da 'ya'yansa da manyan mabiyansa a unguwanni, ya buɗe ƙofa ga malamai da fatake da masu sana'a daga ƙasar Hausa da Borno. Tun ranar da aka kafa ta, Yola gari ne na mutanen da suka zo daga wurare daban-daban.

Tarihin bai cika ba idan aka ɓoye abin da wannan gini ya ci. Yaƙe-yaƙen Fombina sun tarwatsa al'ummomi da yawa. Wasu Bata sun miƙa wuya, wasu sun yi ƙaura zuwa yamma, wasu ƙabilun suka haye duwatsu suka zauna can tsawon zamani. Mutanen dutsen Bagale, wanda ake hangowa a ƙetaren kogi, ba su faɗa hannun Yola ba sai a zamanin ɗansa Lawal. Bayi na cikin abin da ƙananan masarautu ke aikowa Yola, da abin da Yola ke aikawa Sakkwato, kuma su ne ke noma gonakin manya a ƙauyukan da ake kira rumde. Kalmar tana nan a bakin mutane, domin Rumde sunan mazaɓa ce a Jimeta. Jikokin waɗanda suka yi yaƙin da jikokin waɗanda aka yaƙa yanzu maƙwabta ne, abokan aiki ne, surukan juna ne, kuma kowane ɓangare yana da yadda yake tuna zamanin.

Modibbo Adama ya rasu a 1847. 'Ya'yansa huɗu ne suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya: Lawal daga 1847 zuwa 1872, Sanda zuwa 1890, Zubairu zuwa 1901, sai Bobbo Ahmadu zuwa 1909. A watan Yuni na 1851, shekara huɗu bayan rasuwarsa, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Yola, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 12,000. Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, domin ta Borno ya biyo, kuma ba shi da izinin Sarkin Musulmi. Garin da bai wuce shekara goma da kafuwa ba ya riga ya zama fadar da ke da ƙa'idar karɓar baƙi.

Abin da arɗo-arɗo masu tawaye suka kasa yi, Turawa sun yi shi da alƙalami. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta ja iyaka gabas da Yola kaɗan, ta bar babban birnin a hannun Ingila, mafi yawan ƙasarsa kuma a hannun Jamus. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka zo ta kogi suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita yana yaƙar Turawan biyu, har aka kashe shi a 1903. Garwa da Marwa da Gaundare da Rai da Tibati da Banyo duk suna Kamaru a yau. Wani yanki na arewa, har da Mubi, ya dawo Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961.

Zuwan Turawa ne ya ɗaga Jimeta. Jiragen ruwan kamfanonin ciniki a nan suke tsayawa idan kogi ya cika, ofisoshin mulki suka biyo baya, 'yan kasuwa da ma'aikata daga ko'ina a Najeriya suka zauna. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, Yola ta zama babban birninta, ta kuma riƙe matsayin bayan da aka raba jihar zuwa Adamawa da Taraba a watan Agusta na 1991. Gidan gwamnati da sakatariya suna ɓangaren Jimeta, sarauta tana tsohon gari a hannun zuriyar Modibbo. Lamiɗo Aliyu Musɗafa ya yi mulki daga 1953 zuwa 2010, ɗansa Muhammadu Barkinɗo ya gaje shi.

Yawancin batutuwan da ke cika labaran Yola da Jimeta a yau, Modibbo ya san irinsu. Shi tudu ya zaɓa, amma gari ya faɗaɗa har cikin fadama, don haka duk shekarar da ruwa ya yi yawa aka saki madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar a 2012 da 2022, unguwannin bakin kogi ne ke fara kwashe kaya. Madatsar kanta tana cikin tsohuwar ƙasar Fombina, sai dai yanzu maganarta sai ta bi ta Abuja da Yawunde. Rikicin makiyayi da manomi, wanda a cikinsa mahaifinsa ya rasa ransa, bai ƙare ba, kamar yadda aka gani a yankin Numan a 2017. Tambayar wa ke ƙarƙashin wa ta sake tasowa a ƙarshen 2024, lokacin da gwamnatin jiha ta ƙirƙiro sabbin masarautu bakwai, har da ta Fufore, wadda Gurin da Ribadu ke cikin ƙasarta.

Akwai kuma gadon da ya fi waɗannan daɗin ambato. Lokacin da 'yan Boko Haram suka kama Mubi a watan Oktoba na 2014, dubban mutane daga arewacin jihar, Musulmi da Kirista, suka kwararo Yola da Jimeta. An buɗe sansanoni, amma mafi yawansu a gidajen jama'a suka sauka, wurin dangi da abokai da ma waɗanda ba su taɓa sani ba, masallatai da majami'u suna raba abinci. Garin da aka kafa a 1841 domin ya tara zuriyoyin da ba sa jituwa ya ɗauki baƙin nan watanni, har hanyar Mubi ta sake buɗewa.