Hajiya Gambo Sawaba, mai fafutukar talakawa da mata (1933-2001)

An haifi Hajaratu, wadda duniya ta sani da Gambo, a shekara ta 1933, kuma ta girma a Zariya, cikin Arewacin Najeriya. Mahaifinta, Amarteifio, mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce. An kira ta Gambo don ta biyo bayan tagwaye.

A zamanin nan Turawan Ingila sun kasa mutane kashi-kashi. Bature yana unguwarsa, baƙi suna Sabon Gari, talakan birni kuwa yana hannun En'e, ga haraji ga aikin tilas. A ƙarƙashin talaka ma akwai matarsa, wadda ba a shawara da ita. Gambo ta ɗanɗani ukun duka: baƙar fata ce ƙarƙashin mulkin mallaka, ɗiyar baƙo ce marar sarauta, kuma mace ce. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, karatunta bai wuce firamare ba, aka yi mata aure tana da shekara 13.

Cikin Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta domin ƙwato haƙƙin talakawa. Gambo ta shige ta tana da shekara 17, har ta zama shugabar matanta. Kalmar sawaba, wato sauƙi bayan wahala, ita ce taken jam'iyyar, ita kuma ta zame mata suna. Sunan nan ne jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauka a Nijar. Gambo ta je har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta tada matan kasuwa kan haraji.

Aikin Gambo shi ne shiga gidaje inda maza ba su shiga. Tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, tana sukar auren wuri da aikin tilas, tana neman a sa ɗiya mata lakwal. Hukuma ba ta ƙyale ta ba. An kore ta daga Kano, an doke ta, an jefa ta kaso sau 16.

Babban abin da ta nema shi ne ƙuri'a. Matan Nijar sun sami cikakken ikon zaɓe a 1956. Najeriya ta sami mulkin kai a 1960, Bature ya tafi, amma matan Arewa ba su sami wannan iko ba sai a 1976. Wannan ya nuna tafiyar mai mulkin mallaka ba ta isa ta ɗauke sauran nauyin ba. A jamhuriya ta biyu Gambo ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP. Ta rasu cikin Oktoba 2001. Wani babban asibitin Zariya yana ɗauke da sunanta.

Mutanen Adar, daga Tawa har Tebaram, sun san yadda asali, talauci da zama mace kan haɗu a kan mutum guda, musamman ga al'adar wahaya. Nijar ta yi dokar hukunta bauta a 2003. A 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar a jihar Tawa tana da shekara 12. Hanyar da ta bi ta neman haƙƙi gaban hukuma ita ce wadda Gambo ta share.