Tarihin Arthur Coningham, Baturen da ya fara saukar da jirgin sama a Kano

 A yau za mu duba rayuwar wani Bature ne wanda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa, kuma hanyar da ya buɗe a sama daga baya an ja ta har zuwa Takoradi a nan ƙasarmu Gana. Wannan mutum shi ne Arthur Coningham, hafsan sojan saman Birtaniya wanda ya jagoranci jiragen sama na farko da suka sauka a Kano a shekarar 1925, kuma yana cikin waɗanda suka shimfiɗa ƙa'idojin yaƙi da jiragen sama da har yau ake karantarwa a makarantun soja. Abin da ya koyar kuwa ba baƙo ba ne ga fatake, domin ya ginu ne a kan cewa duk wanda aka tare wa hanya an gama da shi, ko da yana da ƙarfi da dukiya.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Coningham ranar 19 ga watan Janairu na shekarar 1895 a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya. Mahaifinsa sanannen ɗan wasan kurket ne wanda ya buga wa ƙasarsa wasa, amma wata shari'a ta abin kunya da ya shiga ta zubar masa da mutunci, har ta kai iyalin suka yi ƙaura zuwa Niyuzilan. A can yaron ya tashi cikin ƙaramin hali, ya yi karatu a birnin Wellington, daga nan ya kama aikin gona da kiwo.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 sai ya shiga soja, aka tura su tsibirin Samowa wanda ke hannun Jamus, daga bisani aka kai shi Masar. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, har aka sallame shi a 1916 a kan ba shi da lafiyar aikin soja. Wani da ya koma gona ke nan, amma shi sai ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa ya tafi Ingila, ya shiga rundunar matuƙa jiragen sama, wadda a lokacin sabuwar aba ce. Ya yi yaƙi a sararin samaniyar Faransa, an ji masa rauni a 1917, ya warke ya koma, kuma kafin a gama yaƙin an ƙidaya masa jiragen abokan gaba 14 da ya kakkaɓo. Abokan aikinsa suna kiransa da sunan ƙabilar Mawori ta Niyuzilan saboda can ya fito, a hankali bakin mutane ya juya sunan ya koma Mary, wato sunan mata, kuma da shi aka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

A 1922 aka tura shi Mosil a arewacin Iraƙi. A wancan zamani Turawan mulkin mallaka sun gano cewa ladabtar da ƙabilun da suka yi musu tawaye da jiragen sama ya fi musu araha a kan tura bataliyoyin soja, saboda haka ƙauyuka da dama sun sha ruwan bama-bamai. Wannan ɓangare ne na tarihin jirgin yaƙi da bai kamata a ɓoye ba.

Tafiyar Kano

Daga Iraƙi aka mai da shi Masar, inda aka ɗora masa aikin da ya haɗa sunansa da ƙasar Hausa. Ranar 27 ga watan Oktoba na 1925 ya tashi daga Helwan kusa da Alƙahira da jirage uku ƙirar DH.9A, masu fukafukai biyu sama da ƙasa, waɗanda yawancin jikinsu katako ne da ƙyalle. Suka bi kogin Nilu zuwa Hartum, suka yanko yamma ta Darfur da Cadi, suka shigo ta Borno, ranar Lahadi 1 ga watan Nuwamba suka sauka a Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. Daga baya suka zarce Kaduna, sannan suka juya suka koma Masar a cikin wannan wata.

Mai karatu zai lura cewa wannan hanya ba sabuwa ba ce a wurin Hausawa, ita ce hanyar da alhazanmu suke bi a ƙasa zuwa Makka, wasu su shafe shekaru suna tafiya suna yada zango suna noma don samun guzuri. Ita ce waɗannan jirage suka ratsa cikin kwana shida. Babu na'urar nuna hanya irin ta yau, sai taswira da kamfas da duban koguna da duwatsu, ga shi kuma dole a riga a kai mai a ajiye a kowane zango kafin su iso. Tun daga nan Coningham ya ga da idonsa cewa jirgin sama komai gudunsa bawan mai ne da filin sauka.

Hanyar Takoradi

Amfanin wannan tafiya bai fito sosai ba sai bayan shekara 15. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu a ɓangaren Hitila, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, kai kaya Masar ya koma sai an zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, tafiyar makonni masu yawa. Sai aka tuna da tsohuwar hanyar Kano. Aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin manyan akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, sannan su tashi ayari-ayari, babban jirgi guda yana gaba a matsayin madugu, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da El Fasher da Hartum har Alƙahira, tafiyar kimanin kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940, a daidai lokacin da Nijar ke hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus. Su ma Jamusawa sun san darajar hanyar, domin a watan Janairu na 1942 wani jirginsu ya ratso hamada daga Libiya ya jefa bama-bamai a Fort Lamy, ya ƙone man da aka tara.

Ƙa'idojinsa na yaƙi

Da yawa daga waɗannan jirage hannun Coningham suka je, domin a watan Yuli na 1941 shugabansa Arthur Tedder ya kira shi Masar ya damƙa masa rundunar saman da ke yaƙi a hamadar Masar da Libiya, inda Janar Rommel na Jamus ya addabi Ingilishi. Ya tarar da kowane kwamandan sojan ƙasa yana son a ba shi nasa jiragen su riƙa shawagi a kan mutanensa kamar laima. Coningham ya ƙi yarda da haka, domin a ganinsa idan aka rarraba jiragen kaɗan-kaɗan abokan gaba za su tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ya dage a tara su duka a hannun kwamanda guda na sojan sama, wanda zai kafa tantinsa kusa da na kwamandan sojan ƙasa, su riƙa tsara aiki tare kullum a matsayin tsara, ba ubangida da yaronsa ba.

Sannan ya jera aikin jiragen yaƙi daki-daki. Na farko shi ne mallakar sararin samaniya, wato a kori jiragen abokan gaba ko a ragargaza su a filayensu, domin idan ba a yi wannan ba sauran ayyukan ba za su yiwu ba. Na biyu shi ne yanke wa abokin gaba hanya, a far wa motocin da ke kai masa mai da abinci da harsasai, da gadoji da tashoshin jiragen ruwa da rumbunan ajiya. Na uku, kuma na ƙarshe a jerin, shi ne kai hari a bakin daga don taimakon sojan da ke fafatawa, aikin da ya fi kowanne haɗari saboda wuyar bambance naka da na wani daga sama. Duk waɗannan kuwa suna tsaye ne a kan leƙen asiri, wato jiragen da ke ɗauko hoton inda abokan gaba suke, da kuma jigilar mutane da kaya. Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama sun shaida amfanin jigilar nan, domin a 1944 daga sama ake jefa wa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma abinci da makamai a cikin kurmi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Sofoline ya ga yadda manyan motoci ke wucewa da kaya ya san dalilin ƙa'ida ta biyu. Idan gada guda ta karye, ko aka rufe iyaka a Paga ko Aflao ko Jibiya, ba sai an taɓa kasuwa ba, cikin 'yan kwanaki farashi zai tashi, rumfuna su bushe. Haka runduna take. Tankar yaƙi da ba ta da mai ƙarfe ce kawai a cikin rairayi.

An ga amfanin tsarin nasa a watan Yuni na 1942, lokacin da Tobruk ta faɗi, sojojin Birtaniya suka ja da baya zuwa cikin Masar. Motocinsu sun cunkushe a kan titi guda na bakin teku, amma jiragen Coningham suka tsare sama, Jamusawa ba su samu damar murƙushe su ba. A yaƙin Alam Halfa kuma aka yi ta zuba wa ayarin Rommel bama-bamai dare da rana ga ƙarancin mai, dole ya juya. Daga nan aka yi babban gumurzun El Alamein wanda aka fara ranar 23 ga watan Oktoba na 1942, inda aka karya lagon Jamus a Arewacin Afirka. Bayan wannan nasara aka ba Coningham sarautar Sir.

A watan Fabrairu na 1943, lokacin da Amurkawa suka sha kashi a mashigar Kasserine ta Tunisiya, aka haɗa jiragen fagen daga na Birtaniya da Amurka a ƙarƙashinsa. A watan Yuli na wannan shekara sojan Amurka suka fitar da littafin ƙa'ida mai lamba FM 100-20, wanda ya amince cewa ƙarfin sama da na ƙasa daidai suke, ya kuma ɗauki jerin ayyukan nan uku. A 1944 ya jagoranci rundunar saman da ta rufa wa sojojin Birtaniya da Kanada baya a saukar Normandi ta ranar 6 ga watan Yuni har zuwa cikin Jamus.

Halinsa da ƙarshensa

Coningham mutum ne mai fara'a da iya magana, amma yana da son a san da shi da kuma kaifin harshe. Ya ɓata da Janar Montgomery saboda yana ganin ya handame yabon nasarar El Alamein shi kaɗai, kuma yana jan ƙafa wajen bin abokan gaba. A watan Afrilu na 1943 ya aika da wata takarda da ta muzanta sojojin Janar Patton na Amurka, sai da Tedder ya sa shi ya je ya ba da haƙuri. Wato mutumin da ya koyar da haɗin kai tsakanin sama da ƙasa shi kansa bai tsira daga rigimar manya ba.

Ya yi ritaya a 1947. Ranar Juma'a 30 ga watan Janairu na 1948 yana cikin wani jirgin fasinja mai suna Star Tiger da ya taso daga tsibiran Azores zuwa Bamuda, sai jirgin ya ɓace a kan tekun Atlantika da mutum 31, ba a ga ko tarkacensa ba har yau. Yana da shekara 53. A ranar ce aka kashe Mahatma Gandhi a Indiya, a ranar ce kuma Orville Wright, ɗaya daga 'yan'uwa biyu da suka fara tashi da jirgin sama mai inji a 1903, ya rasu.

Abin da ya shafe mu

Kayan aiki sun sauya bayansa. Taurarin ɗan Adam ne yanzu ke ɗaukar hoto da nuna hanya da isar da saƙo, ga kuma jirage marasa matuƙa, amma ayyukan suna nan yadda aka jera su. Abin da bai sauya ba shi ne farar hula ne ke kan hanya da kasuwa da taron jama'a. Dubban Faransawa fararen hula sun mutu a Normandi ta hanyar bama-baman waɗanda suka zo 'yantar da su. A yankinmu ma, a watan Janairu na 2017 jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, sannan a watan Disamba na 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya far wa masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, inda hukumomi suka tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 85.

Daga sama, motar goro da motar makamai kamanninsu ɗaya, haka ayarin babura na 'yan kasuwa da na 'yan bindiga. Shi ya sa tabbatar da labari kafin a saki bam, da sanin juna tsakanin na sama da na ƙasa, ba maganar sojoji kaɗai ba ce, ta shafi ran duk mai bin hanya. Ya kamata shugabannin kasuwanni da na direbobi a yankunan da ake fama da rikici su riƙa sanar da hukuma ranakun kasuwa da lokutan tashin ayari, su kuma hukumomi su saurare su. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya, amin.