Jon Sino, likitan da ya bi sawun kwalara

A Landan, babban birnin ƙasar Ingila, akwai wani pampo a bakin titi wanda ba shi da hannu. Ba ya ba da ruwa. An kafa shi ne don tunawa da wani likita, sunansa Jon Sino, a rubutun Turawa John Snow. Ga labarinsa.

An haifi Jon Sino ran 15 ga watan Maris na shekara ta 1813 a garin Yok, arewacin Ingila. Shi ne babba cikin ƴaƴa tara. Ubansa lebura ne. Gidansu yana unguwar talakawa, bakin kogi. Da ya kai shekara 14 aka kai shi garin Niyukasil koyon aiki wurin wani likita.

A shekara ta 1832 kwalara ta faɗa wa wani ƙauye na masu haƙar kwal. Kwalara ita ce ciwon nan na amai da zawo, mai tsotse ruwan jikin mutum har ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Maigidansa ya aike shi can, yana ɗan shekara 19. Ya ga mutane suna mutuwa, ba maganin da ya yi musu amfani. Ya san kuma yadda masu haƙar kwal ke zama a cikin rami: ba salanga, ba ruwan wanke hannu, kuma nan su ke cin abinci. Abin ya zauna masa a zuciya.

A 1836 ya tafi Landan da ƙafa don ƙarin karatu. Ya samu babbar takardar likita a 1844.

A zamanin nan, in za a yi wa mutum aiki da wuƙa, ƙarfafa ke danne shi yana ihu. A ƙarshen 1846 aka fara amfani da wani magani, eta, wanda in an shaƙa sai barci mai nauyi. Bayan shekara guda aka samo wani kuma, kulorofom. Amma in maganin ya yi kaɗan, mutum ya farka ana cikin aiki. In ya yi yawa, mutum ya mutu. Sino bai yarda da kintace ba. Ya zauna a ɗakinsa yana awo. Ya gane cewa in ɗaki ya yi zafi, tururin maganin ya kan ƙaru cikin iska. Ya ƙera wata na'ura mai ba da maganin daidai gwargwado. Sunansa ya fito ƙwarai, har shi ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom wajen haihuwa, a 1853 da 1857.

Amma bai manta da kwalara ba. Manyan likitocin lokacin sun ɗauka wari ne ke kawo ta, wato muguwar iska mai tasowa daga juji da magudanar ƙazanta. Sino kuwa ya san aikin iska a jikin mutum, tun da sana'arsa ke nan. Abin da aka shaƙa, huhu ya ke fara taɓawa. Kwalara kuwa a hanji ta ke farawa. Saboda haka ya yi zaton haɗiye ta a ke yi, cikin ruwan da kashin maras lafiya ya gurɓata. A 1849 ya rubuta haka cikin wani ɗan littafi. Mutane kaɗan suka kula, don ba shi da cikakkiyar shaida.

Ran 31 ga watan Agusta na 1854 annoba ta ɓarke a unguwar Soho, kusa da gidansa. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka mutu. Masu hali suka rufe gidajensu suka gudu. A tsakiyar unguwar, kan titin Burod, akwai wata rijiya mai pampo, wadda a ke yabon daɗin ruwanta. Sino ya ɗebi ruwan ya duba, bai ga wani abin tsoro ba. Ido bai isa ba, sai a koma ga tambaya.

Ya tafi ofishin da a ke rubuta mutuwa, ya karɓo jerin mutum 83 da suka mutu a kwanakin farko. Ya shiga gida gida, yana tambayar dangi inda mamacin ke shan ruwa. Kusan dukansu gidajensu na kewaye da pampon nan. Goma kaɗai ke zaune kusa da wani pampo dabam. Cikin goman, biyar sun saba aikawa a ɗebo musu na titin Burod don sun fi son shi. Uku kuma yara ne, makarantarsu na kusa da shi.

Bai tsaya ga waɗanda suka mutu ba. Ya tambayi labarin waɗanda suka tsira. A unguwar akwai gidan da hukuma ke ajiye matalauta, mutum 535 a ciki. Mutuwa ta kewaye su ta ko'ina, amma biyar kaɗai suka rasu. Ashe suna da rijiyarsu a cikin gida. Sai kuma labarin wata tsohuwa da ke zaune a Hamsted, unguwa mai nisa, inda ba kwalara. Ta daɗe ba ta zo Soho ba, amma ta mutu. Da aka bincika, kullum a kan kai mata babbar kwalba ta ruwan pampon nan, don ta saba da shi tun tana unguwar.

Ran 7 ga Satumba da dare Sino ya je gaban shugabannin unguwa ya yi musu bayani. Kashegari aka cire hannun pampon. Gaskiya ita ce, kamin ranar nan annobar ta riga ta fara sauƙi, don mutane da yawa sun gudu. Shi kansa bai ɓoye wannan ba. Jimillar waɗanda suka mutu ta kai 616. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa ɗan baƙin layi a kan kowane gida don kowane mamaci. Duk wanda ya duba zai ga layukan sun taru a gindin pampo.

Wani malamin coci na unguwar, Henri Wait-hed, bai yarda ba da farko. Ya shiga nasa bincike don ya ƙaryata Sino, ya ƙare da gaskata shi. Shi ya gano mafarin abin. Wata jaririya ta kamu da zawo a gida mai lamba 40. Uwarta ta wanke tsummokinta, ta zuba ruwan a ramin salanga. Da aka tona, aka tarar ramin bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba, kuma yana yoyo.

A wannan shekara dai Sino ya yi wani bincike da ya fi wannan girma. A kudancin Landan kamfani biyu ke sayar da ruwa, dukansu daga kogin Tamiz. Ɗaya na jan ruwa a cikin gari, inda ƙazanta ke kwarara. Ɗayan ya mai da wurin jan ruwansa can sama da gari tun 1852. Bututunsu na bin tituna guda: wannan gida na shan na wannan, maƙwabci na shan na wancan. Iskarsu ɗaya, ruwa ne ya bambanta. Masu haya da yawa ba su san kamfaninsu ba. Nan ilimin sinadarai ya yi rana. Ruwan cikin gari ya fi gishiri nesa. Sino ya kan ɗebi ruwan gida a ƴar kwalba, ya ɗiga masa wani sinadari na azurfa. In ya yi fari kamar an zuba nono, na cikin gari ne. Da ya gama lissafin mako bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10.000 masu shan ruwan cikin gari mutum 315 suka mutu. Cikin masu shan na sama da gari, 37.

Duk da haka manyan hukuma ba su gamsu ba. Da annoba ta wuce aka mayar wa pampon hannunsa. Sino ya rasu ran 16 ga watan Yuni na 1858, yana da shekara 45, bai ga ranar da aka yarda da maganarsa ba. A 1866 kwalara ta sāke dawowa Landan, lissafi ya sāke nuna ruwa ne. A 1883 da 1884 wani likitan Jamus, Robat Kok, ya bi ciwon zuwa Masar da Indiya, ya nuna ƙwayarsa a madubin likita. Da birnin ya raba ruwan sha da magudanar ƙazanta, kwalara ba ta ƙara yi masa ɓarna ba.

Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma har yanzu ta kan ɓulla a ƙasarmu, musamman da damina. Yau an san maganinta: a mayar wa jiki ruwan da ya rasa, a gaggauta kai maras lafiya asibiti. An san kuma hanyarta. Yara, in kun koma gida, ku auna da ƙafa: taku nawa ne tsakanin salangarku da rijiyar da ku ke sha?

Tambayoyi

1. Me ya sa Sino ya ce ba iska ke kawo kwalara ba?
2. Me labarin tsohuwar Hamsted ya nuna?
3. Don me ya tambayi labarin waɗanda ba su kamu ba?
4. Yaya ya gane kamfanin da ke ba kowane gida ruwa?

Aiki

Ku zana taswirar unguwarku. Ku sa alamar rijiyoyi, da pampo, da salanga, da juji.