Sarki Edmund da Majami'ar Katako ta Greensted

A bana mun ga ya dace mu tuna da wani sarki Kirista wanda ya zaɓi mutuwa a kan ya musunci Ubangijinsa. Sunansa Edmund, sarkin wani yanki na gabashin Ingila. Ya hau gadon sarauta wajen shekara ta 855, yana saurayi.

A shekara ta 869 mayaƙan Denmak, waɗanda a lokacin matsafa ne, suka auka wa ƙasarsa, suka ci rundunarsa da yaƙi. Labarin da wani malamin ikkilisiya mai suna Abbo ya rubuta bayan shekara ɗari da 'yan kai ya nuna cewa sun nemi ya ci gaba da sarauta a ƙarƙashinsu. Shi kuwa ya ƙi, sai fa in shugabansu ya karɓi Almasihu. Suka ɗaure shi a jikin itace, suka yi ta harbinsa da kibau, daga bisani suka fille masa kai.

An ajiye gawarsa a garin da yanzu ake kira Bury St Edmunds. A 1010, don tsoron maharan, aka gudu da ita London. An ce da ake mayar da ita a 1013, an ya da zango da ita a majami'ar ƙauyen Greensted.

Har yau akwai majami'ar katako a wurin, ana kuma sujada a cikinta. Binciken masana ya nuna an sari itatuwan bangonta bayan 1050, wato ta gaji wadda ta karɓi gawar ne. Duk da haka ana ɗaukarta majami'ar katako mafi tsufa da ke tsaye a duniya. Magina sun tsaga gumagumai masu tauri kamar ƙirya gida biyu, suka jera su a tsaye, gefen da aka tsaga yana ciki, doron yana waje. Da gindinsu ya ruɓe, a wajen 1848 aka datse ruɓar, aka ɗora su bisa tubali.

'Yan'uwa ɗalibai, wataƙila ba za a ɗaure mu a itace ba, amma gwaji yana zuwa a ɗakin jarrabawa da ɗakin kwana. Allah ya ba mu ƙarfin tsayawa cikin bangaskiya. Amin.