Tarihin Samuel Colt, Maƙerin Libarba, da Masu Kwaikwayon Ƙirarsa

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu ya san yadda maharba ke shigowa fili, wasu da kwari da baka, wasu da bindigar toka a kafaɗa. Ni a Kafanchan na tashi, kuma a unguwarmu akwai wani tsohon maharbi mai yatsu uku a hannun hagu. Adakarsa ce ta fashe masa wata rana a dawa. Ba ƙirar Turawa ba ce, wani maƙerin ƙauye ne ya dubi ta wani ya kwaikwaya. Tun daga lokacin nake tambayar kaina abin da ke raba bindiga ta ƙwarai da wadda ta yi kama da ita kawai. Wannan tambaya ce ta kai ni ga tarihin Samuel Colt, mutumin da aka fi kwaikwayon ƙirarsa a cikin maƙeran libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai 'yar ganga da ke juyawa.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Samuel Colt ranar 19 ga Yuli, 1814, a garin Hartford na jihar Connecticut a Amurka. Mahaifinsa yana harkar masaƙa, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ƙaramin yaro. Bai zauna lafiya a makaranta ba, domin wasa da albarushi ya fi ɗaukar hankalinsa. A 1830 aka sa shi aiki a wani jirgin ruwa mai suna Corvo da ya nufi Kalkata ta Indiya. A wannan tafiya ce ya sassaƙa siffar bindigarsa da itace.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure. Ba Colt ne ya fara tunanin bindiga mai juyi ba, wani Elisha Collier ya riga shi. Abin da Colt ya ƙara shi ne, da an ja 'yar gudumar bindigar baya, gangar za ta juya da kanta, ta tsaya cak, raminta ya daidaita da bututu. A kowane rami ana ɗura albarushi da curin dalma ta gaba, kamar yadda maharbanmu ke ɗura adaka, sannan a sa wata 'yar hula mai kama wuta ta baya. Bambancin shi ne, mai adaka harbi ɗaya yake yi ya koma ɗuri, mai libarba kuwa yana da biyar ko shida.

Da ya dawo ba shi da jari. Sai ya laƙaba wa kansa sunan Dakta Coult, ya riƙa bin garuruwa yana shaƙa wa mutane iskar nan mai sa dariya, 'yan kallo suna biya. Ni dai ban ga bambancinsa da masu tallar magani a tashar mota ba. Da wannan kuɗi ya biya maƙera suka yi masa samfur, har ya sami takardar mallakar fasaharsa a Ingila a 1835, da ta Amurka ranar 25 ga Fabrairu, 1836.

Faɗuwa da Tashi

Masana'antarsa ta farko a Paterson ta jihar New Jersey ba ta yi ƙarko ba. Bindigogin suna da tsada, sojoji kuma sun ga sun cika tarkace. A 1842 kamfanin ya durƙushe. Amma kaɗan daga cikinsu sun isa Texas, inda mahaya dawaki suka yi amfani da su a kan 'yan ƙabilar Comanche, waɗanda ake ƙwace wa ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846, wani hafsa mai suna Samuel Walker ya nemi Colt, suka gyara ƙirar tare, gwamnati ta yi odar guda 1,000 a 1847. Colt ba shi da ko maƙera a lokacin, sai a masana'antar Eli Whitney ƙarami aka yi aikin.

Wannan bindiga, da ake kira Walker, nauyinta ya kai kilo 2, tana kuma cin albarushi da yawa. Gangunan da dama daga cikinsu sun fashe a hannun sojoji, saboda ƙarfen bai kai ƙarfin ɗurin ba. Ashe abin da ya sami maharbin unguwarmu ya taɓa samun masu riƙe da ƙirar Colt ta ainihi. Dole ya rage tsawon gangar a ƙirar da ta biyo baya, ya kuma nemi ƙarfe mafi kyau.

A 1849 ya ɗauki Elisha Root, gwanin injuna, ya damƙa masa shugabancin aiki. A ganina rabin sunan da Colt ya yi na Root ne. Maƙerin gargajiya yakan yi bindiga ɗaya daga farko har ƙarshe, da masaba da magagari, don haka kunamar wannan ba ta shiga waccan. Root ya rarraba aikin: wannan inji huda rami kawai yake yi, wancan yanka, kuma kowane yanki sai an gwada shi da ma'auni kafin ya wuce. Duk da haka masana tarihi sun nuna cewa sai da ma'aikaci ya ɗan goga da magagari wajen haɗawa, shi ya sa ake buga lamba ɗaya a kan manyan sassan kowace bindiga don kada su cakuɗe da na wata. Ƙirar da ta fi shahara ita ce Navy ta 1851, wadda aka ƙera fiye da 200,000 a Hartford. A shekarar ya baje kayansa a babban baje kolin Landan, daga baya ya buɗe masana'anta a can na 'yan shekaru, sannan a 1855 ya kammala katafariyar masana'antarsa a bakin kogin Connecticut.

Masu Kwaikwayo

Tun yana raye aka fara kwaikwayonsa. A 1851 ya kai kamfanin Massachusetts Arms kotu ya yi nasara. Amma maƙeran garin Liège na Beljiyam sun fi ƙarfin kotun Amurka, don haka ya yarda wasunsu su riƙa biyan kuɗi ana buga musu hatimi. Wasu ƙirar tasu ta yi kyau, wasu kuwa sai dai kallo daga nesa. A 1857 wa'adin takardarsa ya ƙare, ƙofa ta buɗe wa kowa.

Halinsa na ciniki ba abin yabo ba ne duka. A yaƙin Kirimiya ya sayar wa ɓangarorin da ke gaba da juna, kuma ya ci gaba da aika kaya jihohin kudu masu riƙe da bayi har zuwa daf da ɓarkewar yaƙin basasar Amurka a 1861. Da hanya ta toshe, mutanen kudu suka koma kwaikwayo. Masana'antar Griswold da Gunnison a jihar Georgia ta ƙera wajen 3,700 a kan siffar Navy, amma saboda ƙarancin ƙarfe sai ta yi jikin da tagulla.

Rasuwarsa

Colt ya auri Elizabeth Jarvis a 1856. Ciwon gaɓɓai ya matsa masa, ya rasu ranar 10 ga Janairu, 1862, yana da shekara 47, yana cikin manyan attajiran ƙasarsa. Gobara ta cinye masana'antar a 1864, matarsa ce ta sake gina ta. Bai ga zamanin harsashi mai kwanso a kamfaninsa ba, alhali wani ma'aikacinsa, Rollin White, ya taɓa kawo masa dabarar da za ta kai ga haka ya ƙi, Smith & Wesson suka ɗauka.

Kusan shekara ɗari bayan mutuwarsa, kwaikwayon ya koma Italiya. Aldo Uberti ya kafa kamfaninsa a Gardone Val Trompia a 1959, daidai lokacin da Amurkawa ke shirin tunawa da cika shekara 100 da yaƙin basasarsu, kuma Navy ta 1851 ya fara da ita. Pietta ya biyo baya. Masu sha'awar tarihi da masu shirya finafinan kaboyi su ne kasuwarsu. Abin da masu saye ke dubawa shi ne abin da ya wahalar da Colt: ko ramin ganga yana tsayawa daidai da bututu, da kuma irin ƙarfen. Mai jikin tagulla tana da araha da kyan gani, amma idan ana yawan cika mata ɗuri sai jikin ya saki. Dokar Italiya ta wajabta a kai kowace bindiga gidan gwaji na ƙasa da ke Gardone, a harba ta da ɗurin da ya wuce kima, idan ta jure a buga mata hatimi.

A Nijeriya ƙera bindiga ba tare da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, masana'antar gwamnati kuwa ita ce DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Mu 'yan kudancin Kaduna mun san ba namun daji kaɗai ƙirar ɓoye ke kashewa ba. Na taɓa tambayar tsohon maharbin nan ko an gwada adakarsa kafin a ba shi. Ya ce maƙerin ya ɗaure ta a jikin bishiyar ɗorawa, ya ɓuya a bayan suri, ya ja kunamar da igiya sau ɗaya, ta tashi lafiya. A shekara ta biyu ta fashe.